Kunnen Ɗiyar Autanmu

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ja tabarma ki zauna, maganar da zan yi ba ta ɗaga murya ba ce. In kuma namiji ne ke karantawa, ba a kore ka ba, tsaya daga bakin zaure. Dama can kuke tsayawa ku ji komai, ku ce ba ku ji ba.

Ni ba mai fita ba ce. In kin gan ni da mayafi a hanya, to haihuwa aka yi ko rasuwa. Bokona aji uku ne, allo kuwa na kai inda na kai. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Mace ta yi magana gabana sau ɗaya, na riƙe ta ke nan, da muryar, da inda take jan numfashi, da ɗan tarin da take yi kafin ta faɗi abin da ba shi da daɗi. Shi ya sa in rediyon mai gidana ya lalace ba ya gaggawar kai shi gyara.

Mu biyar Innarmu ta haifa, ni ce babba, autanmu namiji. Babanmu mutumin Boɗinga ne, manomin gero da albasa, baƙi mai kyau, irin wanda ke sheƙi in ya yi alwala. Inna kuwa daga wata ruga ta wajen Shagari aka auro ta, fara tas, har jijiyoyin hannunta ana gani. Ni na biyo ta. Ukun tsakiya suka raba, kowa ya ɗibi abin da ya samu. Auta ya ɗauko Baba gaba ɗaya, ya ƙara da nasa.

In muka je ruga da kaka, bayan an girbe gero, kakarmu takan tare shi tun daga bakin shinge. "Ga Kaɗona ya zaka! Wanga miji nawa, in ya shiga ɗaki sai na lalaba nika samun shi." Kaɗo haka Fulani ke kiran Bahaushe. Wasan kaka da jika ne, kowa ya yi dariya. Kada ki ce dangin Inna ne kaɗai, don in muka dawo Boɗinga ni ma gwaggonnina ba su bar ni ba, wai Bafillata mai ƙashin kara, taɓarya ta fi ta nauyi. Amma ni nawa wasan yana ƙarewa in na ɗauki taɓaryar. Nasa ba shi da inda zai ajiye shi. Tun yana ɗan shekara shida na lura ya koyi wata dabara: kafin a yi masa dariya shi yake fara yi, kuma ya ƙara wa maganar gishiri har mai tsokanar ya koma ɗan kallo.

Da haka sana'a ta same shi. Ya fara a kasuwar albasa, inda yake ɗora buhu a mota, yana kwaikwayon fatake yadda suke matsa albasa su ɓata fuska kamar ta zage su. Daga nan aka fara kiransa biki, a ba shi lasifika. Da waya ta yawaita ya shiga ɗaukar gajerun wasanni, har mutanen birnin Sakkwato suka san fuskarsa. Amma abin da ake kiransa dominsa guda ɗaya ne. Zai tsaya tsakiyar fili, ya ɗaure fuska, ya yi shiru har mutane su natsu, sannan ya ce, "Jama'a, Innata Bafillata ta."

Shi ke nan. Gaskiya ce tsagwaronta, bai ƙara ko wasali ba, amma sai ka ga manya suna faɗowa daga benci. Ya jira su gama, ya kawo na mai hoto da ya ce masa ya buɗe haƙora a san inda yake, da na mai gawayi da ya kusa auna shi, da na shanun kawu da suka ƙi shan ruwa sai ya matsa. Ni ma na yi dariya. Wasu ma ni na ba shi, don ni ce na riƙe maganganun kakarmu kalma da kalma. Adda yake ce mini, yadda dangin Inna ke kiran babbar ya. Yakan zo ya ce, "Adda, mi tsohuwa tac ce ranar da na faɗa rijiyar shanu?" In ba shi, ya tafi ya ci abinci da ita wata uku.

Ya yi aure, ya ɗauko wata yarinya daga Dancadi, wankan tarwaɗa, marar hayaniya. Ni 'ya'yana huɗu ne, duk maza, gidana kamar tashar mota. Da na ji matar auta na da ciki na dage da roƙon Allah ya sa mace ce. A gidanmu gwaggo ce ke sayen 'yan kunnen fari, ita ce ke riƙe yarinya a cinya ranar huda, daga nan kuma kitso da lalle da faɗan uwa duk wajenta ake kawowa. Tun cikin na wata bakwai na sayi 'yan kunne wajen dillaliya, ƙanana, masu ɗan jan dutse. Ba zinariya ba ce, amma ba sa koɗewa da wuri. Na sa su a gwangwanin alawa na tura ƙarƙashin gado.

Aka haifi mace.

To ke kin san yadda ake barka, amma bari in faɗa saboda na zaure. Jariri duk da haske yake zuwa, ko ɗan waye. Launinsa na gaskiya sai daga baya yake fitowa. Sai dai akwai inda yake leƙowa tun ranar fari, wato gefen kunne da gindin farce. Mace za ta karɓi jariri, ta ce masha Allah, tubarkalla, bakinta na addu'a, babban yatsanta kuwa ya riga ya lanƙwasa kunnen wajen haske. Ba wanda ya koya mana. Ni dai ban tuna ranar da aka zaunar da ni aka ce ga yadda ake yi ba.

Washegarin haihuwa da hantsi na sa mayafi na tafi. Mata uku na tarar a ɗakin, ga mai jego kwance. Aka miƙo mini jaririyar. Ɗumi gare ta, da gashi kwance luf, tana motsa baki kamar mai son ta ba da labari, na ce wannan tawa ce. Na yi tubarkalla. Yatsana ya yi aikinsa. Gefen kunnen ya yi duhu kamar bayan tukunya. Na ɗan ƙyasta harshe, na yi dariya, na ce, "Kayya, ba ta tsira ba."

Matan suka yi dariya. Mai jego ta yi murmushin gajiya. Sai na ji ana ajiye itace bayan labule.

Auta ne ya kawo itacen wankan jego. Shi kuwa tun yana yaro in ya kawo itace jefar da shi yake yi, ji kake rigijib, don kowa ya san ya yi aiki. Ran nan ɗaya bayan ɗaya ya jera su, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ba wadda ta lura a ɗakin sai ni. Bai leƙo ba, bai yi sallama ba, na ji takunsa ya koma waje.

Aka yi suna, aka yanka rago, na ci na ƙoshi. Huda kuwa ashe an riga an yi tun kwana huɗu, uwar mai jego ce ta riƙe ta, aka sa baƙin zare. Daga baya na ji. 'Yan kunnena suka koma ƙarƙashin gado.

Bai daina zuwa gidana ba. Kowace Juma'a in an sauko masallaci zai shigo, ya gaishe ni, ya sha fura, mu yi maganar albasa da ciwon ƙafar Inna. In na ce, "Ina ɗiyata?" sai ya ce, "Tana barci." Shekara biyar yarinyar nan tana barci. Ni da ba na fita na ɗauki ƙafa na je gidan, sai a ce yanzun nan aka kai ta Dancadi wajen kakanninta. Da salla nakan hango ta daga ƙofa, a gaban mashin ɗinsa, da 'yan kunnen wasu. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Na sha ɗauko zancen, in ce, "Auta, maganar nan ta ranar barka," sai ya kalle ni da fuskar nan da yake tsayawa da ita tsakiyar fili, ya ce, "Wace magana, Adda?" Sai in ce ko a ƙaro nono.

Wasan nan na Innata kuma ya ajiye shi. An ce a wani biki a Shagari mutane suka yi ta ihu, "Innata! Innata!" shi kuwa ya yi musu fataken albasa, ya sake yi musu fataken albasa, har aka fara tashi ana kakkaɓe riga. Kira ya ragu, sannan ya tsaya. Ya koma ɗora buhu, in ya samu sarari ya hau mota zuwa birni wajen masu ɗaukar bidiyon biki, yana riƙe musu kaya yana koyon yadda ake yanka hoto a haɗa. Wasu suka ce ustazanci ya shiga, wasu suka ce an yi masa asiri. Inna ta ce ƙila girma ne ya zo masa a makare.

Wata Talata sai ga shi. Da na ji mashin ɗinsa ranar da ba Juma'a ba na san da magana. Na dama fura, ya sha rabi, ya ajiye ludayi.

"Adda, fim nika son yi."

"Madalla. Mutane sun yi kewar dariya."

"Na ban tsoro na."

"Kai? Kai da in za a yanka kaza kake tuna kana da saƙo a kasuwa? To mi za ka sa, aljani ko maye?"

"Mata 'yan barka."

Na ce ai waɗannan na san su, ba abin tsoro gare su sai cin goro. Ya ɗauki ludayi ya ƙarasa furarsa, sannan ya ba ni labarin.

Wata mai jego ce a ɗaki da jaririyarta. Kullum da hantsi mata na zuwa barka. Ba a nuna fuskar kowa, sai hannuwa da lalle, sai takalma a bakin ƙofa. Kowace ta karɓi jaririya, ta yi addu'a, ta lanƙwasa kunne, ta faɗi 'yar magana mai taushi. Duk wadda ta taɓa, jaririyar sai ta ƙara haske kaɗan, ta kuma rage nauyi kaɗan. Uwar ce kaɗai ke jin nauyin na raguwa. Tana faɗa ana ce mata gajiyar haihuwa ce, ta duba yadda ɗiyarta ke washewa. Takalma kuma kullum ƙaruwa suke a ƙofa, ba a taɓa ganin wadda ta sa nata ta fita ba. Ranar suna ɗaki ya cika, aka buɗe zanen goyo, ba kowa ciki. Matan suka ci gaba da miƙa wa juna zanen, kowace na rungumewa tana cewa masha Allah, yanzu kam ta yi kyau.

Na ce, "Kuma duk da rana za ka ɗauka? Na ga irin wannan cikin duhu ake yi."

"Ban da janareto, Adda. Kuma ni dut abin da ya taɓa ba ni tsoro, da rana anka yi shi."

A tsohon ɗakin Inna na ruga suka ɗauka, can bayan Kajiji, don ƙofa ɗaya gare shi kuma haske na shigowa a miƙe. Ni ban je ba, amma duk wanda ya je ya ba ni labari, na haɗa. Hannuwan na matan gidan kawu ne, sun yarda tunda ba fuska. Jaririyar ta wata 'yar kawu ce aka ara, ta yi barci daga fari har ƙarshe, an ce ita ta fi kowa iya aiki. Takalma kuwa a unguwarmu ya bi gida gida ya tara, buhun albasa biyu, matan layinmu suka wuni ba takalmi. Da aka dawo da su sun cakuɗe, har yau akwai tsohuwar da ke yawo da shuɗi a dama, kore a hagu, ta ce sun fi nata na da taushi. A daidai wurin da uwar ke auna jaririya a hannu tana kuka, wata saniya ta turo kai ta ƙofa. Mai kyamara ya ce a sake, auta ya ce a bari, ita kaɗai ce ta nuna damuwa.

Matsala ta zo wajen murya. Ya ɗauko 'yan wasa mata daga birni su yi maganar 'yan barka, suka yi ta da irin Hausar fim, a tsantsare, kamar masu karanta sanarwa. Ya ce ba wadda ta taɓa yi wa jariri mugunta da irin wannan murya. Shi ne ya dawo wajena. Mata bakwai, kwana bakwai, duk ni zan yi su.

Na ce sai ya tambayi mai gida. Mai gidana yana gyaran kwandon albasa ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Murya ɗai? Ba fuska, ba suna?" Auta ya ce murya ɗai. Ya ce, "In surutu na, a ɗiba. Akwai saura."

A ɗakina muka yi, da hantsi, in yara sun tafi makaranta. Mu jingina katifa a ƙofa, mu toshe taga da zane, a kai akuya bayan gida a ɗaure, sannan mu zauna jiran injin markaɗen maƙwabta ya yi shiru. Zakara ne kaɗai muka kasa shawo kansa, in kin saurara da kyau yana cikin fim ɗin, ranar uku. Auta ya riƙe waya kusa da bakina, ya sa abin ji a kunne. Ba ya ba ni kalma ko ɗaya. Cewa yake, "Ranar biyu, wata ta shigo. Wa ta? Mi tac ce?" Ni kuwa in rufe ido in ɗauko.

Na ɗauko maƙwabciyata mai tari: "Ehem. To, lahiya dai ita ag gaba." Na ɗauko tsohuwar unguwarzoma, wadda ba ta ɓoye komai: "Jar haihuwa ta, kak ku sa rai." Na ɗauko hajiyar da ke sayar da mayukan shafawa, da muryarta mai zaƙi kamar ta ba ka kyauta: "Kada ki damu ƙawata, yanzu ai akwai mai, in ta girma a gyara." Akwai wadda ke yi wa jaririyar kwana biyu addu'ar Allah shi ba ta miji mai haƙuri. Akwai mai tambaya a hankali, kamar ba da kowa take ba, "A dangin wa anka samo wanga?" Shi dai abin da yake cewa biyu ne, ko "sake" ko "ta yi." Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin aikin. Tunda nake ba a taɓa rufe ƙofa a ɗaure akuya don a saurare ni ba.

Safiya ta huɗu muka gama muryar mace ta shida. Na fara jan zane daga taga, na ce mun gama ke nan.

"Saura ta ranar hwarko," in ji shi. "Gwaggon jaririya. Ita ta hwara taɓawa."

"Mi za ta ce?"

"Ke kin sani, Adda."

Ɗakin ya yi zafi, ga katifa a ƙofa. Injin markaɗen da na wuni ina tsine wa, ran nan na roƙi Allah ya tashi, bai tashi ba. Auta ya matso da wayar. Na faɗa, can ƙasa.

"Sake. Ba haka kinka hwaɗe ta ba."

Na sake, hawaye sun fara zuwa.

"Ba kuka kinka yi ba. Dariya kinka yi."

Ba da faɗa ya faɗa ba, yadda yake gyara mini ta mai tari haka ya gyara mini wannan. Shekara da shekaru ina ɗauko muryar mutane, ban taɓa juya kunnen nan kaina ba. Na rufe ido na koma ɗakin, ga mata uku, ga warin man jego, ga ɗumin yarinya a hannuna. Maganar tana nan inda na bar ta, ba abin da ya goge. Na ƙyasta harshe, na yi dariyar, na ce, "Kayya, ba ta tsira ba."

Ya mayar ya saurara sau biyu, kansa a karkace. Ya ce, "Ta yi." Ya janye katifa ya mayar kan gado, ya je bayan gida ya kwance akuya da kansa. Na bi shi har zaure ba mayafi, na ce, "Auta, ka yahe mani." Ya tsaya yana kallon igiyar da ke hannunsa, ya miƙo mini. "Igiyag ga ta ci, Adda, a sake wata." Ya tada mashin. Furar da na dama ranar mai gida ne ya shanye.

Fim ya fito. Masu cajin waya suka yi ta tura wa mutane, aka kuma nuna shi da la'asar a gidan kallon ƙwallo. Babban ɗana ya je, ya kawo mini rahoto. Ya ce mutane sun shiga suna dariya tun kafin a kunna, tunda sun ji na wane ne. Sun yi dariyar takalma, sun yi dariyar saniya. Daga ranar huɗu ba ka jin komai sai fanka. Da aka zo inda ake miƙa zane ba kowa ciki, wani mai shayi ya tashi ya fita, aka ce gida ya nufa ya ɗauki ɗiyarsa yana jijjiga ta a hannu, matarsa na tambaya lafiya. Ni a wayar ɗana na kalla, ni kaɗai. Kafin a nuna komai, allo na baƙi, muryata ce ke fara fita, da dariyar. Sau ɗaya na kalla, ya ishe ni.

Dangin Inna suka ce Fulani ya zaga, tunda a rugarsu aka ɗauka. Dangin Baba suka ce Hausawa ya zaga, tunda takalmansu ne. Kawu da baffa suka haɗu a kan magana ɗaya, abin da Inna ta ce ba ta gani ba tun ranar ɗaurin aurenta. Maƙwabciyata ta shigo ba sallama ta tsaya kaina ina tankaɗe.

"Tarin nan nawa na."

"Haba, tari ai kowa na yi."

"Kowa na yi. Wanga nawa na."

Wata biyu ba ta yi mini magana ba. Yanzu mun shirya, sai dai in za ta faɗi abu gabana haɗiye tarin take yi, har idonta ya kawo ruwa. A gidajen barka kuwa mata suka koma riƙe jariri da hannu biyu daga ƙasa kamar farantin ƙwai, ido na kallon rufin ɗaki. In na shigo hira ta tsaya, wata ta ce a yi a hankali kada a kai mu fim. Masu dubawa ba su daina ba, sun dai koyi yi da sauri, wajen gyara hula. Ina gani. Tsohuwar unguwarzoma ta ce da ni, "Mu da can ma ba mugunta muka ba, dubawa ɗai ta." Na yarda da ita. Ni ma ba mugunta na yi ba.

Shi kuwa sunansa ya canza. Mutanen birni suka fara ce masa darakta, har ya soma shirin wani, a kan dattawan da ake aikawa binciken asali kafin aure, waɗanda ke tono kakan kakan mutum su ga ko an taɓa sayensa. Masu cewa ya dawo da wasan Innata suna nan, yakan gaishe su da kyau.

Juma'a uku bai zo gidana ba. Na ce to, ya karɓi abin da ya zo nema. Ta huɗu na ji mashin ya tsaya, na ji taku a zaure, amma taku biyu, ɗaya ƙarami da takalmi mai ƙara. Ludayin da ke hannuna ya faɗa cikin ƙwarya.

Ta shigo tana riƙe da gefen rigarsa. Baƙa ce mai sheƙi, Baba sak bayan alwala. Kunnenta ba komai, sai huda.

"Gaida gwaggonki," in ji shi.

Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tsaya tana kallon bakina. "Gwaggo, ke ce kike magana cikin wayar Baba?"

"Ni ce."

"Yi mai tari."

Na yi mata mai tari, a hankali saboda katanga. Ta ƙyalƙyale, dariyar ubanta ta tun kafin ya mayar da ita sana'a. Shi kuwa ya zauna kan turmi yana kallon akuya, ya ce da akuyar, "'Yan kunnenta sun ɓace. Uwatta ta ce ko kina da wasu."

Na shiga ɗaki na durƙusa na jawo gwangwanin alawa. Ya yi tsatsa, sai da na sa wuƙa. Suna nan, ba su koɗe ba. Na jarirai ne, sun yi mata ƙanana, amma ƙugiyar za ta shiga. Na zaunar da ita a cinyata, sai na tsaya. In za ki sa wa yarinya ɗan kunne dole ki kama kunnen tsakanin yatsa biyu, ki ɗan lanƙwasa shi wajen haske ki ga hudar. Na yi ta neman wata hanya a raina, babu. Na ɗaga kai. Auta ya bar akuya, kuma ba hannuna yake kallo ba, bakina yake kallo.

Na kama kunnen. Laushi gare shi, da ɗumin rana. Na ce bismillahi na sa ɗaya, na juya ta na sa ɗayan. Ban ƙara ko kalma ba, ni da aka ce a ɗiba akwai saura.

Ta girgiza kai don ta ji suna motsi. "Na yi kyau?"

Na kalli ubanta. Ya ce, "Ke aka tambaya, Adda."

Na ce, "Kin yi kyau, ɗiyata." Ban ari muryar kowa ba. Ya karkata kai yadda yake yi in ya sa abin ji a kunne, ya ɗan jima, sannan ya ce, "Ta yi." Ya tambaya ko akwai fura.

Yanzu kowace Juma'a yakan bar mini ita har la'asar. Ni ke mata kitso, ni ke jin ƙarar uwarta. Kuma tunda nake ban taɓa ganin yarinyar da ta ƙi jinin barci irinta ba.

Makon jiya aka haihu a layinmu, na sa mayafi na je. Aka miƙo mini jaririn, na yi tubarkalla, sai na ji babban yatsana ya tashi da kansa ya kama hanya. Na mayar da shi cikin tafin hannu na danne da sauran huɗun har na miƙa yaron gaba. Shekaruna sun haura hamsin, ban san ko zai taɓa daina tashi ba. To ke fa, in aka miƙo miki jariri gobe da hantsi, bayan kin ce tubarkalla, ina idonki yake fara sauka?